Iyakata Zaure

Ranar Lahadi, kwana tara bayan babbar salla, aka zo daga Doguwa aka tafi da matata Zulaihat goyon ciki. Cikin wata bakwai ne. Ni na ɗaure akwatinta a bayan mota, ni na miƙa wa Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifinta, baƙar ledar magani. Ba ta sake kwana a gidana ba.

Wata daga cikinku masu karatu ta rubuto a ƙasan kashin labarin nan da ya wuce: "Malam Zakariyya, an ce mana labarin soyayya ne, amma har yanzu asibiti kawai muke gani." Gaskiyarki, 'yata. Ki yi haƙuri, irin wadda na samu ke nan. Wanda bai karanta na baya ba kuwa, bai yi asarar komai ba, zan taƙaita masa.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kiru. Na karanta littattafai fiye da yadda suka amfane ni. Zulaihat tela ce, hijabi take ɗinkawa a rumfar tsakar gidanmu, kekenta na ƙara tun hantsi. Malam Ƙamus take kirana, wai ba a tambayata ƙarfe nawa sai na ba da tarihin agogo.

Ciwon ya fara ne daga haƙorin tauna da wani mai cire haƙori ya tumɓuke mata a kasuwa. Bayan wata biyu kumburi ya fito a ƙarƙashin muƙamuƙinta na hagu, mai tauri kamar ice, ba ya ma yi mata zafi sosai. Maƙwabta suka ce hangum ne. Mai kemis ya ce maruru ne, ya ba da kafso na kwana biyar. Ya sauka, ya dawo da ƙarfinsa. Daga baya ya huje wuri uku, yana fitar da ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya kamar tsakin masara. Baki ya daina buɗuwa sai rabi. A wani asibitin aka ce tarin fuka ne na wuya. Masu zuwa dubiya kuma suna fita suna raɗa wa juna cewa daji ne, kamar katangarmu ba ta ƙasa ba ce. Wata takwas muna wannan yawo.

A Kano aka yanki naman wurin aka gwada. Likitar wata gajeriyar mata ce mai tabarau, ba ta ɓata magana.

"Sunansa aktinomaikosis," in ji ta. "Ba daji ba ne, kuma ba a ɗauka. Ƙwayar cutar tana zaune a bakin kowa, har naka, Malam. Ramin haƙorin ne ya ba ta hanya ta shiga nama, yanzu har ta taɓa ƙashi. Tana jin magani, amma ba na kwana biyar ba. Sati shida allura ta jijiya a nan asibiti, sannan kafso sau uku kullum har shekara guda."

"Shekara?" in ji Zulaihat ta cikin haƙora. "Ko aure bai kai haka wahala ba."

Likitar ba ta yi dariya ba. "Fata za ta warke tun kafin ƙashi ya warke. Za ki duba madubi ki ga kin gama. Ba ki gama ba. A nan mutane suke faɗuwa."

A wannan gwaje-gwajen aka gano tana da cikin wata biyu. Na tambaya ko maganin zai cutar da shi. Likitar ta ce irin wanda suke ba masu juna biyu ne kullum, babu abin tsoro a shansa, barinsa ne abin tsoro. Na rubuta a bayan katin asibiti. Ni mutum ne mai rubuta abubuwa.

Mai tambayar soyayya, ga rabonki. Da muka dawo Kiru, kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan dafa ruwa, in zuba gishiri, in bari ya huce. Ta zauna a kan turmi ta karkatar da kai, ni kuma in wanke ramukan nan da auduga, ɗaya bayan ɗaya, in rufe da bandeji.

"A hankali, Malam Ƙamus. Fuska ce, ba allon aji ba."

"Ki daina magana, wurin yana motsi."

"In daina magana? A wane littafi ka ga an taɓa yi?"

Wata safiya ta riƙe hannuna. "Gaya mini gaskiya. Yana wari?"

"Yana yi."

"Madalla. Da ka ce a'a, da na daina yarda da kai ko a kan gishirin miya."

Ta ɗinka wa kanta hijabi mai haɓa doguwa da take hawowa har ƙasan leɓe, ruwan toka, da siririn zare shuɗi a baki. Don ta ɓoye bandeji ta yi shi. Cikin wata guda matan unguwa suka fara kawo yadi suna cewa irin na Zulaihat suke so. Ta ɗinka musu tana dariya a ciki. Wata uku da rabi tana shan kafso, ramukan suka rufe, suka bar tabo uku masu lotsawa. Ta fara tauna nama. Ta ci na salla har da ƙashi-ƙashi, tana nuna mini.

Daga nan maganar goyon ciki ta taso. Haihuwar fari ce, dole a gidan iyaye. Na je wurin yayana Ɗanasabe na ce ina so ta zauna kusa da ni har ta gama magani. Ya dube ni kamar na ce zan sayar da gonar gado.

"So kake a ce gidanmu ba mu san ya kamata ba? Uwarta ce fa za ta riƙe ta, ba wata bare ba. Karatun nan naka yana neman ya ɓata ka."

Na yi shiru. Ku riƙa ƙirga wuraren da na yi shiru, ni na gaji da ƙirgawa.

'Yan birni da ke karanta wannan, bari in yi muku bayani. A wurinmu suruki iyakarsa zaure. Ka cire takalmi tun daga waje, ka tsugunna, idonka a ƙasa. Ba ka cin abinci a gaban surukai, ba ka kama sunansu, ba ka mayar musu da magana. Shekara huɗu da aurena ban san fuskar Inna Rabi, mahaifiyar Zulaihat, sosai ba. Muryarta na sani, da ƙafafunta masu lalle a ƙasan labule. Sannan cikin fari ba a ambatonsa a gaban iyaye. Kowa yana ganinsa, kowa yana yi kamar bai gani ba. Mai cikin ba ta faɗa, mijin da ya yi sanadinsa kuwa gara ƙasa ta tsage ya shige da ya furta. Na sha yabon wannan ɗabi'a a gaban ɗalibaina, ina ce musu ita ce ta riƙe gidajenmu.

Akwai wani abu kuma. Shekara biyu kafin nan Zulaihat ta yi ɓari, kwana uku bayan ta sha maganin zazzaɓi. Likitoci sun ce zazzaɓin ne ya jawo. Inna ta ce ƙwayar ce. Ba ta sake sauya ra'ayi ba, ba kuma wanda ya zauna ya yi mata bayani, don bayanin sai an ambaci abin da ba a ambata.

Kwana shida da tafiyarta saƙo ya shigo wayata. A gidansu sabis ba ya kamawa sai a jikin rumbu, can take tsayawa.

"Malam, Inna ta karɓe ledar."

"Kin gaya mata abin da likita ta ce?"

"Na ce an ce in sha shekara. Ta ce likita ce ta haife ni? Ta ce ga fuska ta warke, me ake nema kuma."

"Kin gaya mata ba ya cutar da ɗayan abin?"

"Ni zan faɗi wannan a gaban Inna? Kai ka zo ka faɗa, kai ne mai kalmomi."

Ranar Asabar na hau babur. Daga Kiru zuwa Kwanar Ɗangora, zuwa Tudun Wada, na shiga dajin Falgore ruwa na yayyafi. Duk hanyar nan jimla ɗaya nake maimaitawa a cikin hular kwano. Na gyara ta, na rage mata kaifi, na sa mata "don Allah" a gaba da "a gafarce ni" a baya. Kafin in kai Doguwa ta yi kyau ƙwarai.

Na yi sallama. Malam Wada, mahaifinta, yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi damina, na tambayi masara, ya ce bana ta yi goyo biyu-biyu. Na ce likita ta ce a ci gaba da magani. Ya ce, "To, wannan harkar cikin gida ce," ya leƙa ya kira, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Shi ma gudu ya yi, amma shi aƙalla a tsaye ya gudu.

Ƙafafu masu lalle suka tsaya a bayan labule.

"Malam, an zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Inna. Suna gaishe ku."

"Ya makaranta? Ya ruwa?"

"Alhamdu lillahi. Inna, dama batun maganin nan ne."

"Ana ba ta," in ji ta, a hankali, ba faɗa. "Ana ba ta wanda ya dace da halin da take ciki. Na jiƙa mata saiwoyi, tana sha safe da yamma. Waɗancan ƙwayoyin sai Allah ya raba lafiya. An taɓa yi mana sau ɗaya, Malam. Ba za a sake ba."

Wurin da zan yi magana ke nan. Ta ma tsaya tana jira, na ji numfashinta. Ina tsugune, gwiwata na ciwo, idona a kan wata tsagar daɓe. Jimlar tana bakina da "don Allah" ɗinta da komai. Sai na ji muryata tana cewa, "To, Inna. Allah ya saka da alheri."

"Amin. A gaida gida."

Gwaggo Luba ta fito da kwanon fura ta dire a gabana. Ita tana wasa da ni, don haka na ce mata a ƙasa-ƙasa kada a tsayar da maganin nan. Ta kama haɓa. "Iye, ɗan boko. Ka fi uwarta sonta ne? Sha furarka ka kama hanya kafin ruwa ya sauko."

Na yi dabarar matsorata. Da aka bar Zulaihat ta fito gaishe ni, cikin atamfa kore da hijabin nan ruwan toka, na zura mata wata ledar kafso da na saya a Tudun Wada. Ta cusa a ƙarƙashin hijabi.

"Ka faɗa mata?"

"Na fara."

"Ka fara." Ta dube ni. "Malam Ƙamus, shafin ne ya yage?"

Daga ranar saƙonta yake zuwa sau uku kullum. Bayan asuba: "Na sha." Bayan azahar: "Na sha." Bayan isha'i: "Na sha, sai da safe." Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. A gidana, da nake tsaye a kanta, takan manta sau biyu a mako. Mai shan magani yana mantuwa. Na lura da haka tun sati na biyu, na kau da kai, don saƙon ya fi mini sauƙi da komawa zauren nan.

Ta haifi mace ana cire masara, aka sa mata Bilkisu. Ranar suna na ga Zulaihat na ɗan lokaci a zaure, cikin leshi ruwan goro da na kai, hijabin ya hau har kusa da hanci. Maganarta ta koma ta cikin haƙora.

"Janye in gani."

"Haba Malam, gida cike da mutane."

"Ya dawo ne?"

"Ruwan zafin wankan jego ne ya tayar da shi. Zai sauka."

Aka kira ta daga ciki, ta shige. Na koma wurin abokaina muka ci naman suna.

Rana ta talatin da ɗaya da haihuwa Gwaggo Luba ta kira ni ina cikin aji. Babu wasa a muryarta. Ta ce Zulaihat kwana biyar ko kunun kanwa ba ya shiga sai da cokali ta gefen baki. Wanzamin da ya yi wa jaririya aski ya tsaga kumburin, ya fitar da ruwa, amma ya ƙara hawa har bayan kunne. Ga zazzaɓi, ga ciwon kai da take dafe shi da hannu biyu. Na bar allin a kan tebur.

A Kano likitar nan ce dai. Ta duba hoton kan da aka ɗauka, ta cire tabarau.

"Yaushe ta daina?"

"Tana sha. Kullum tana turo mini..."

"Malam, yaushe ta daina?"

Gwaggo Luba ce ta amsa. Tun sati biyu da zuwanta Doguwa.

"Ya bi ƙashi ya shiga cikin kai," in ji likitar. "Za mu yi abin da za mu iya." Ta juyo gare ni. "Kai ne na yi wa bayani. Har rubutawa ka yi."

Kwana biyun farko Zulaihat tana cikin hayyacinta, sai dai bakin ba ya buɗuwa. Ina zaune a gefen gado, ledar ruwa na ɗiga, ta jawo wayarta tana rubuta mini saƙo, ni da nake kamu ɗaya da ita.

"Inna ta ga ledar a cikin matashi. Ta yi kuka. Ta ce in na sake sha ba ta yafe nononta ba."

Na ce da baki, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta daɗe tana dannawa, yatsan na kuskure.

"Da ka yi me? Da ka zo ka tsugunna."

Ta sa alamar dariya a ƙarshe. Sannan ta ƙara: "Kada ka yi mata faɗa. Jikarta take karewa."

Ranar Alhamis bayan la'asar ta rasu. A Doguwa aka binne ta. Masu ta'aziyya suka yi ta ce mini na yi ƙoƙari, ba kowane miji zai wanke wa mace gyambo da hannunsa ba. Na amsa da amin. Yayana Ɗanasabe ya dafa kafaɗata ya ce aƙalla mun fita kunyar surukai. Gaskiya ya faɗa. Mun fita.

Bilkisu ta zauna wurin kakarta. Bayan sadakar arba'in na je ganinta, na kai madara da 'yan riguna. Na cire takalmi, na tsugunna a wurin da na saba. Malam Wada ba ya nan. Ƙafafun suka zo bayan labule, babu lalle a wannan karon. Sai labulen ya ɗaga.

Tsohuwa ce ƙarama, ta rame, idanunta irin na Zulaihat sak. Bilkisu na goye a bayanta tana barci. Ta zauna a ƙasa, a zaure, a gaban surukinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye leda biyu a tsakaninmu, wadda na ba Gwaggo Luba da wadda na zura a ɓoye. An ɗaure su da kyau, a cikin tsumma mai tsabta, kada danshi ya taɓa.

"Na ce ko wani zai amfana," in ji ta.

"To, Inna."

Ta shiga murza bakin zaninta. "Malam, kai ka yi karatu. Luba ta ce likitar ta yi faɗa, amma ba ta gane Turancin da aka haɗa ba. Ba na iya barci. Ina so ka gaya mini tsakaninka da Allah." Ta kai hannu baya ta dafa yarinyar. "Da na bar ta ta ci gaba da sha, da wannan ta zo da rai?"

Ita da kanta ta buɗe maganar da aka hana. Babu labule, babu kowa. Wata biyar da suka wuce amsar nan za ta ceci matata. Yanzu ba abin da za ta yi sai ta kashe wannan tsohuwa a zaune, ga kuma 'yata a bayanta, ba ta da wata uwar sai ita. Kada ku ce tausayi ne ya hana ni. Na bincika kaina, ban tabbata ba. Idona ya koma kan tsagar daɓen nan da kansa.

Na ce, "Allah ne masani, Inna. Kwananta ne ya ƙare."

Ta sauke numfashi, ta ce haka ne, ta yi mini addu'a mai tsawo. Ta kwanto Bilkisu ta miƙo mini na riƙe.

Shekara biyu ke nan. Duk ƙarshen wata ina zuwa, ina tsugunnawa, muna gaisawa. Inna ba ta karatun boko, ba ta da waya, ba za ta taɓa ganin wannan ba, shi ya sa na iya rubutawa. Ga jimlar nan, yadda na shirya ta a dajin Falgore, na cire mata kwalliyar:

Inna, maganin ba ya taɓa ciki. Ki ba ta ta sha.